Muhawara: ƙaramin jarumi ko babba, wane ya fi daɗin wasa?

Mai jan labari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya mun tashi daga zaure ba mu ƙarasa magana ba, shi ya sa na kawo ta nan domin kowa ya faɗi nasa a tsanake. Na ce a wasan Dungeons & Dragons (bugun 2014), wato wasan da mutum ɗaya yake jan labari, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya mai ƙara ƙarfi mataki-mataki, ana jefa ɗan lido a ga abin da zai faru, babu jarumin da ya kai na mataki na 1 zuwa na 4 daɗin wasa, kuma har yanzu ina kan bakana. Ku tuna daren da jarumanku huɗu suka tsaya a bakin ƙafaffiyar rijiya, kuka kwashe kusan sa'a guda kuna shawarar wanda zai sauka, da ko igiyar za ta ɗauki mutum, da yawan guzurin da ya rage. Na ga ƙanina ya damƙe ɗan lido mai fuska 20 a tafin hannunsa ya kasa jefawa, kowa a kan tabarma ya yi tsit. Wannan fargabar ita ce ran wasan. Mai sihiri a mataki na 1 yakan fara da makin rai (makin da idan suka ƙare jarumi ya faɗi) 6 ko ɗan sama da haka, alhali saran ƙaramin dodon da ake kira goblin yana cire maki 3 zuwa 8. Wanda ya san haka ba ya faɗa wa daji da ka, sai ya tambayi tsohuwar da ke bakin hanya, ya nemi sulhu, ya yi dabara, kamar yadda Gizo yake cin galaba a kan Giwa ba tare da ya kai ta ƙarfi ba.

Ƙaninsa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Da girmamawa, ban yarda ba, kuma ni ne abin ya faɗa wa. Dare biyu na yi ina rubuta tarihin mai sihirina a tsohon littafin makaranta, har garin mahaifiyarsa da dalilin barinsa gida na tsara, sai jifa ɗaya ta kwantar da shi a faɗan farko, jifa uku da suka biyo baya suka ƙarasa shi. Babu wata dabara da na kasa yi a wurin. Sa'a ce kawai ta juya mini baya. Ban da haka, Yaya, kullum da safe ni ke jan guga ina shayar da shanu, don haka ba na son in zo da dare in sake ƙirga ruwa a cikin labari. Ina son in tsaya gaban tsohon jan dodon wuta mai makin rai 546 in san cewa ina da abin da zan tare shi da shi. Ba don ƙirga guzuri ake tuna Bayajidda ba, sai don ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Kuma waɗanda suka tsara wasan mataki 20 suka rubuta, ba 4 ba.

Malama daga Ringim:
Ni da ƙannena muke wannan wasa a tsakar gida, kuma ina ganin kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Abin da na lura shi ne, duk matakin da jarumi ya hau akwai wata matsala da take daina zama matsala. A mataki na 5, wanda ake kaiwa idan jarumi ya tara makin gogewa 6,500, mayaƙi yana fara kai sara biyu a juyi ɗaya, mai sihiri kuma yana samun dunƙulen wuta wanda ake jefa masa 'yan lido 8 masu fuska shida, abin da yakan cire wa abokin gaba makin rai 28 a matsakaici. A nan ne yara suke jin sun zama wasu, ga shi kuma tsoro bai gushe ba. Amma a wannan matakin ne dai ake iya dawo da wanda bai wuce minti ɗaya da mutuwa ba idan akwai lu'ulu'u mai darajar zinari 300, sai mutuwa ta fara komawa maganar kuɗi. A mataki na 13 ana ɓacewa daga gari a bayyana a wani, hanya da 'yan fashinta da masaukanta duk sun fita daga labari ke nan. A na 17 kuwa ana samun sihirin buri, wanda yake iya kwaikwayon duk wani sihiri da bai wuce daraja ta 8 ba. Saboda haka ni tsakanin 5 da 10 na fi so. Sai dai ina da gyara ga Malam mai jan labari: tun a mataki na 1 akwai sihirin da ke samar da 'ya'yan itace goma, kowane ɗaya yana ƙosar da mutum yini guda, akwai kuma mai samar da galan 10 na ruwa. Yunwa da ƙishirwar da kake taƙama da su ba matakin ne ya tsare maka su ba, babu dai wanda ya zaɓi irin wannan jarumin a zaurenku.

Mai shagon cajin waya:
Ku yi mini afuwa, ni lissafin lokaci nake yi. Daga kaka zuwa faɗuwar damina kawai muke samun zama, a ciki wasu su tafi ci-rani, da ruwa ya sauka kuwa kowa gona zai nufa. Hawa mataki na 2 makin gogewa 300 ne, na 20 kuwa 355,000, wanda ba a rani ɗaya ko biyu za mu taɓa shi ba. Bara mun gwada jarumai na mataki na 15, faɗa ɗaya ya cinye daren gaba ɗaya, kowa yana duba takarda yana neman abin da jaruminsa ya iya, har fitilar sola ta mutu ba a kayar da dodon ba. Shawarata a riƙa farawa daga mataki na 3, inda yawancin jarumai suke zaɓen hanyarsu kuma sara ɗaya ba ya kai su ƙasa.

Mai jan labari:
Malama, na karɓi gyaranki, domin gaskiya ne. Na kuma yarda cewa rashin da ƙanina ya yi ya fi abin da na ɗauka ciwo. Amma ba ni kaɗai nake da wannan ra'ayi ba. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, tsofaffin bugunsa sun fi na 2014 da muke amfani da shi tsanani, har akwai waɗanda mai sihiri yake farawa da makin rai 1 zuwa 4 a cikinsu, kuma daga baya wasu 'yan wasa suka ɓullo da tsarin tsayar da hawa a mataki na 6 domin kada jarumi ya fi ƙarfin duniyar da yake ciki. Kai kuma ƙanina, misalinka ni ya taimaka. Abin da ya ba kisan macijin Kusugu daraja shi ne mutanen Daura ba sa samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Da akwai mai cika musu randuna da kalma ɗaya, da babu wanda zai damu da abin da ke cikin rijiyar.

Ƙaninsa:
Na ji, Yaya, amma a dare ɗaya ya kashe shi, kuma mai makin rai 6 ba zai iya haka ba. Na amince mu fara daga mataki na 3 a wannan ranin, bisa sharaɗin ka ware mana dare guda bayan Sallah da jarumai na mataki na 17. Ni zan tsara takardun kowa tun kafin ranar domin kada a ɓata lokaci, mai shago kuma ya taimaka mana da fitila ta biyu.