Mai barin aiki bayan 'yan watanni, me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Turawa suna cewa “job hopping”, wato mutum ya kama aiki nan, kafin kujera ta yi zafi ya tashi ya kama can. Shekaranjiya a Birnin Kebbi na rasa Hausarta a gaban Kawu, har yau abin na damuna.

Ga abin da ya kawo maganar. Ƙanena ya samu aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin casar shinkafa, wata biyar ke nan. Har yau ba a ba shi takardar ɗauka ba, alhali dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Albashi sai wata ya yi kwana goma sha. Lissafin da aka ɗauke shi dominsa bai taɓa gani ba, ƙirga buhu yake a bakin sikeli, ya dawo gida ƙaiƙayi har cikin kunne. Ya ce zai ajiye. Kawu ya aje butarsa ya dube shi ya ce, “Kai yaro, wanga aiki da wasu ka nema da kuka? Ko auri-saki za ka zama?”

Na fara da “tsalle-tsallen aiki”. Fassara ce kai tsaye, kuma tana wari. Wanda bai san Turancin ba zai ɗauka rawar kai ake nufi a ofis.

Wani malami daga Jega ya kawo “sauya sheƙa”. Kalma ce mai kyau, tsuntsu da gidansa, amma 'yan siyasa sun cinye ta. Tun ma kafin Matawalle ya bar PDP ya koma APC a 2021, duk Bazamfare da ya ji ta jam'iyya yake tunawa. Ka ce malamin firamare ya sauya sheƙa, sai a tambaye ka tutar wa ya ɗauka.

“Murabus” na sarakuna ne da masu manyan kujeru, ya fi ƙarfin mai ƙirga buhu. “Ci-rani” kuwa da niyyar komawa ake tafiya, ruwan farko na sauka mutum ya nufi gona.

Wata yaya tamu ta Gusau ta ce “yaji”. Na yi dariya har na ƙware, don ta kusa. Mai yaji ma tura ce ta kai ta bango, ta ɗaure ƙunshinta ta tafi. Sai dai yaji biko yake jira. Ni dai ban taɓa ganin manajan da ya aiko dattijai da goro a ba ma'aikaci haƙuri ba. Kafin ka isa tasha an zaunar da ɗan ƙanwar wani a kujerarka.

Da na koma kan maganar Kawu sai na ga ashe shi ya ba ni kalmar. Auri-saki ba wanda ya taɓa saki sau ɗaya ba ne, wanda ya mai da abin ɗabi'a ne. To a kan wannan ƙirar nake ba da shawarar “kama-saki”. Dama “kama aiki” muke cewa. Ɗan kama-saki, 'yar kama-saki, 'yan kama-saki. Tana zama a baki, kuma tana ɗauke da ɗan zargin da kalmar Turancin ke ɗauke da shi idan mai ɗaukar ma'aikata ya duba takardunka ya ga wuri huɗu a shekara biyu.

Amma fa ba ta hau kan ƙanena ba, kuma nan ne na fi son mu tsaya. Wanda ya bar wuri ɗaya saboda an saɓa abin da aka yi da shi, in ka kira shi ɗan kama-saki ka zalunce shi. Shi yana buƙatar kalma marar zagi. Malamin Jega ne ya sake ceto mu, ya tuna mana garinsu mashigar fataken goro ne masu zuwa Gwanja. Ayari kan ya da zango. In ruwa ya yi nisa ko ciyawa ta ƙare, madugu ya ce a ɗaura kaya, ba mai cewa ya yi abin kunya. Saboda haka “gajeren zango”. “Na yi gajeren zango a kamfanin shinkafa.” Ka faɗa a gaban masu tantancewa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Doka ma ta san da shi. In ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, wanda bai wuce wata uku ba sanarwar kwana ɗaya ke kansa, daga nan har ƙasa da shekara biyu mako guda. Aikin gwamnati ne ke da wani lissafi, tunda sai ka yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da kai.

Na kai wa Kawu kalmomin biyu bayan Magariba. Ya juya su a baki, ya ce kama-saki ta yi, gajeren zango ma ta yi, amma madugu ba ya kwance tanti sai ya san inda rijiya ta gaba take. Ƙanen nawa dai ya rubuta takardar sanarwar mako guda, tana ninke cikin aljihun kaftaninsa. Ranar Litinin yana da ganawa a wata makaranta a Argungu.

Zango nawa ne ke mai da mutum ɗan kama-saki, biyu ko uku? Yayarmu ta Gusau ta ce uku, kamar saki.