Kwas ɗin yare a gidan soja: yana riƙe mutum a aiki ko ƙofar fita yake buɗe masa?

Dan_Gwammaja:
Salam jama'a, dan Allah waɗanda suka san harkar soja ina neman shawara. Ƙanina kofur ne, sunansa ya fito cikin waɗanda za su kwas ɗin Faransanci, shi kuma dama tun bara yake cewa zai ajiye kaki ya kama kasuwanci saboda gajiya da nisa da iyali, yanzu ya rasa wanne zai ɗauka, Hajiyarmu kuma ta ce ni zan ba shi shawara. Yaren nan yana ƙara wa soja wani abu kuwa a aiki ko satifiket ne kawai? Sannan maganar da aka yi lokacin da Buratai ke shugaban sojan ƙasa cewa kowane soja sai ya iya Hausa da Yarabanci da Igbo, ina aka kwana?

Tsohon_Saje:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka ce masa ya tafi, kar ya yi wasa da wannan damar. Duba maƙwabtanmu, Benin, Nijar, Chadi, Kamaru, duk Faransanci ne harshen aikin sojojinsu. Rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, MNJTF, hedkwatarta na N'Djamena, akwai sashe a Mora ta Kamaru, akwai Baga Sola a Chadi, namu na Monguno, da can har da Diffa kafin Nijar ta fice a 2025. To in an fita sintiri tare ko ana magana ta rediyo, wanda ke jin bakin ɓangare biyu shi oga ke nema ko da igiyarsa biyu ce, shi ake sa wa a mota ta gaba, shi ke zama a taro. Makarantar koyon harsuna ta sojan ƙasa da ke Ovim a jihar Abiya don irin wannan aka kafa ta.
Maganar Buratai kuwa a Nuwamban 2017 aka sanar, aka ba da wa'adi zuwa Disambar 2018, har aka ce akwai alawus ga wanda ya ci jarabawa. Niyya mai kyau ce wallahi amma mutumin da ke ramin tsaro a daji yaushe zai zauna koyon yare uku a shekara ɗaya? Kuma inda ake asara a ganina shi ne fostin, in aka horar da mutum sannan aka kai shi inda ba zai furta kalma ɗaya ba, kafin shekara biyu ya tashi a banza, yaren ya gudu, shi ma zuciyarsa ta fita daga aikin.

Bintu_Yerwa:
Baba Saje gaskiya ne amma ni abin da ke damuna kullum Faransanci Faransanci, ina Barbarci? ina Larabcin Shuwa? Mutane na zaton kowa a Borno Hausa yake ji, ku shiga ƙauye ku gani. Ka ga tsohuwa ta zo shinge da ƙullin bandar kifi a ka, ana tambayarta daga ina zuwa ina, ita tsoro ya hana ta ɗaga ido, shi kuma mai tambayar yana ganin ɓoye wani abu take, sai an nemo wani yaro ya yi tafinta kuma ba ka san me yaron ya ƙara ko ya rage ba. Shi ya sa da 'yan kato da gora suka fito a Maiduguri a 2013 abubuwa suka canza, sun san yare sun san ɗan gidan wane ne. Kuma ba yare kaɗai ba, a san cewa in an shiga gari Bulama ko Lawan ake fara gaisarwa, ba a faɗawa cikin gida wurin mata ba sallama. Sojan da ya san wannan mutane da kansu ke kawo masa labari. Irinsa ya kamata a riƙe da hannu biyu.

Abu_Maryam:
Ni ina Amurka, bari in faɗi yadda suke yi nan. Suna da makaranta a Monterey ta jihar Kalifoniya, Larabci sati 64 ake yi, ba sintiri ba gadin dare, karatun shi ne aikinka. In ka gama akwai alawus ɗin yare duk wata, yana iya kaiwa dala 1,000 in yarukan da makin sun kai, amma sai kana sake jarabawa, ka faɗi a yanke. Duk da haka suna kukan mutane na tafiya, don da wa'adin mutum ya cika kamfanonin kwangila da hukumomin leƙen asiri na jiransa da albashin da ya fi na soja. A Iraƙi da Afganistan ma ai tafintoci 'yan ƙasa suka dogara da su sosai. Wato kana ƙara wa soja ilimi kana ƙara masa kasuwa a waje, in ba ka haɗa da ƙarin girma da kuɗi ba wani ka horar wa.

Maman_Sadiq:
Yayana ni matar soja ce, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu. Ba yare ke sa mutum ya zauna ko ya tafi ba. A 2020 sojoji 356 suka nemi ajiye aiki lokaci guda har majalisar wakilai ta sa baki, ba don rashin kwas suka tafi ba. Mutum na son ya san yaushe za a canza shi daga bakin daga, yaushe zai samu hutu ya ga yaransa, in ya ji rauni wa zai kula da shi. Amma duk da haka ni dai ya je, ko ba komai watannin nan yana kwana a ɗaki, waya na shiga, matarsa ta samu barci. In ma daga baya ya fita, ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Diffa na neman mai Faransanci. Ya dai tambaya da kyau kafin ya sa hannu, in akwai sharaɗin shekarun da zai ƙara yi bayan kwas ya sani tun yanzu.

Dan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Yau da daddare zan kira shi in ji maganar sharaɗin nan. Baba Saje in ya gama, shi ke neman a kai shi Monguno ko sai yadda aka yi da shi?