Wa ke ƙera wa kamfanonin mota fulogi da wayoyinsa na ainihi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Camry ce ƙirar 2000, mai silinda huɗu, inji 5S-FE, lokacin canza mata fulogi da wayoyi ya yi. Abin da ya ɗaure mini kai: kwalin da aka nuna mini tambarin Toyota ne a kansa, amma jikin fulogin Denso aka rubuta. Wani kuma ya ce NGK ne na asali. Shin wa ke yi wa kamfanin? In na sayi mai kwalin Denso kai tsaye, abu ɗaya ne? Wayoyin fa, na wane kamfani zan nema?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba. Kamfanonin mota ba sa ƙera fulogi da kansu. Su dai suna fitar da ma'auni, wato tsawon zare, ƙarfin jure zafi, tazarar baki da irin ƙarfen baki, sai masana'anta ta ƙera, a zuba a kwalinsu da lambarsu. Denso daga jikin Toyota ya fita a 1949, shi ya sa ya fi yawa a motocinsu. NGK ma na Japan ne, tun 1936, kuma kamfanin ya koma Niterra a 2023 duk da sunan da ke jikin fulogin bai sauya ba. Wanda ya ce maka NGK bai yi kuskure ba, domin littafin motarka duka biyun ya lissafa: Denso PK20TR11 ko NGK BKR6EKPB11. Honda ma haka take, tsakanin waɗannan biyun take raba aikin. Motocin Jamus suna zuwa da Bosch, Beru ko NGK. Peugeot ta daɗe da Eyquem da Bosch. Motorcraft na Ford da ACDelco na GM sunayen sashen kayan gyara ne, sau da yawa wata masana'anta ce ke yi musu aikin.

Mai lantarkin mota: Ƙari a kan maganar Baba: sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa, lambar ita ce magana. Karanta PK20TR11. P na nufin bakin filatinum ne, K zare milimita 14 da kan sifana 16, 20 matakin zafi, T ƙafa biyu (lanƙwasassun ƙarafan gefen baki da tartsatsi ke tsallakawa zuwa gare su), R akwai rezisto a ciki, 11 kuma tazara milimita 1.1.

Ƙafa biyun nan ba ado ba ne. Injinka koyil biyu gare shi, wato na'urar da ke tura wa fulogi wuta, ɗaya na ba silinda 1 da 4 wuta, ɗayan 2 da 3, a lokaci guda. A kowane haɗi, fulogi ɗaya tartsatsinsa daga baki zuwa ƙafa yake tafiya, ɗayan kuma akasin haka, don haka ƙafarsa ke saurin cinyewa. In aka sa mai ƙafa ɗaya na gama-gari, mota za ta tashi lafiya lau, amma biyu daga cikin huɗun za su riga 'yan'uwansu buɗe baki. Tazara na ƙaruwa, koyil na ƙara wahala kafin wuta ta tsallaka, daga nan sai mota ta riƙa gargada a hawa ko lokacin da aka taka totur, sai fitilar inji ta kunna da lambobin matsala P0300 zuwa P0304. Man da bai ƙone ba kuma katalis, wato matatar hayaƙin salansa, yake zuwa ya gasa.

A kula da matakin zafi in za a sauya kamfani. Denso 20 daidai yake da NGK 6, Denso 16 da NGK 5. A wajensu lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi, a Bosch da Champion kuwa juyin haka ne. Wanda ya fi sanyi baƙin hayaƙi zai rufe masa baki. Wanda ya fi zafi ya fi haɗari, domin yana iya kunna mai kafin lokaci har ya huda fistin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ke nan ko wane kwali ne ba komai?

Mai kayan gyara: In lambar ta yi daidai harafi da harafi, fulogi ɗaya ne ɗan'uwa. Damuwar ita ce jabu, kuma kwalin kamfanin mota da na masana'anta duka ana kwaikwayonsu. Duba rubutun jikin tangaran, na gaske ba ya dusashewa ko karkacewa. Washa ba ta zamewa ta faɗo da kanta. Zaren sumul yake, ba kaushi. Sa mita tsakanin kan fulogi da bakinsa, ya kamata ka ga kusan om 5,000 (awon rezisto), kuma huɗun su yi kusa da juna. Jabu bakinsa ƙarfe ne mai araha da aka yi wa kama, yana narkewa da wuri, wani lokaci guntunsa ya faɗa cikin silinda.

Mai lantarkin mota: Wayoyi kuwa ba lallai masu fulogi ne ke yin su ba. Na Toyota za ka ga Sumitomo ko Yazaki a jikin wayar, galibi har da shekarar ƙira. Leƙa naka, in har 2000 ɗin ce a rubuce to ba a taɓa canza su ba. Motocin Jamus Beru ko Bremi, na Faransa Bougicord, na GM kuwa Packard ne ya daɗe yana yi. NGK da Denso suna sayar da seti da ya dace da injinka, kuma suna da kyau. Ma'aunin Toyota shi ne kada waya ɗaya ta wuce om 25,000. Amma mita ba ta nuna tsagewar roba, sai ka lanƙwasa wayar ka duba, ka kuma leƙa cikin doguwar hular ko akwai siririn baƙin layi. Wannan hanyar da wuta ta ƙona ce take zurarewa, kuma in ka gan shi a hula za ka gan shi a tangaran. Dole a canza waya da fulogin tare, in ba haka ba tsohon zai lalata sabon.

Tsohon bakanike: Wajen ɗaurawa ake ɓata kaya masu kyau. Bari inji ya huce sarai, kan injin alminiyam ne, zare na iya biyo fulogi in da zafi. Cire waya ɗaya-ɗaya, ka murɗa hular ka ja ta, ban da jan wayar kanta. Hure ramin da iska kafin ka kwance. In ka tarar da baƙin mai a ramin, mai yiwuwa robar bututun murfin bawul ce ta mutu, a gyara yoyon tukuna domin mai na kumbura hular sabuwar waya. Fara ɗaura fulogi da hannu har ya zauna, sannan ka ƙarasa da sifana mai awo a kan Nm 18. Kada ka shafa wa zaren man hana tsatsa, an riga an lulluɓe shi, man kuma yana sa a wuce awo ba a sani ba. Kada ka taɓa tazarar, a saite take zuwa, filatinum ɗin bakin ɗan ƙanƙane ne, yana ɓallewa. Mayar da kowace waya cikin maƙalinta don kada ta goga jikin inji, kuma ka danna hular har ka ji ta kama kan fulogin.