Datar gidanmu tana ƙarewa kafin wata ya raba: ina take tafiya?

Maman Hanif

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana harkar kwamfuta a kan wata matsala da ta dame mu a gida. Muna amfani da ƙaramar na'urar nan ta MiFi mai ba da intanet, wadda maigida yake saya wa datar wata guda, kuma da ita muke haɗa wayoyin mutanen gida da kwamfutar tafi-da-gidanka da babban ɗanmu yake aikin makaranta a kai. Tun da aka kawo kwamfutar, datar da a da take kai mu ƙarshen wata ta koma ƙarewa tun wata bai raba ba, alhali yaron ya ce ba ya kallon fim a kanta, kuma na yarda da shi. Maigida yana ganin kamfanin layi ne yake zaftarewa, musamman tun bayan da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ni kuwa ina so mu tabbatar kafin mu ɗora wa kowa laifi. Ta yaya zan gane inda datar take tafiya, kuma me za mu yi mu rage?

Mai Gyaran Kwamfuta

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙarin da aka yi ya shafi farashi ne, wato abin da ake biya kafin a samu data, amma ba shi ne yake sa ta saurin ƙarewa ba. Tushen matsalar a mafi yawan gidaje shi ne, kwamfuta mai Windows tana ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin intanet marar iyaka, saboda haka da zarar an haɗa ta sai ta shiga sauke abubuwa a ɓoye ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Ku fara da duba lissafin da kwamfutar take ajiyewa da kanta. A shiga Settings, a zaɓi Network & Internet, a nemi wurin da aka rubuta Data usage; a Windows 11 yana ƙarƙashin Advanced network settings. A nan za ku ga abin da kowace manhaja ta ci a kwanaki 30 da suka wuce, an jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Idan sunan da ke sama System ne, ko wani abu mai alaƙa da Windows Update, to yaron yana da gaskiya, sabunta manhaja ce take cin datar. Microsoft yana fitar da sabuntawar tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, kuma kwamfutar da ta daɗe a ajiye, kamar irin waɗanda ake sayowa na hannu, takan tarar da abubuwa da yawa sun taru suna jiran ta.

Maganin da ya fi kowane muhimmanci shi ne a gaya wa kwamfutar cewa wannan intanet ɗin na awo ne. A danna sunan Wi-Fi ɗin gidan a cikin Settings, a kunna maɓallin Metered connection. Daga nan Windows za ta taƙaita saukewa ga sabuntawar da ta zama dole, manhajojin Microsoft Store za su daina sabunta kansu, OneDrive kuma zai dakata da kwashe fayiloli da hotuna zuwa intanet. A lura cewa wannan saiti na kowane Wi-Fi ne daban, don haka idan yaron yana haɗa kwamfutar da hotspot na waya ma, sai a sake kunnawa a can. Akwai kuma Delivery Optimization a ƙarƙashin Windows Update, wanda yake iya aika guntayen sabuntawa daga kwamfutarku zuwa wasu kwamfutoci. A kashe shi, domin abin da aka aika ma data ce, kamar yadda abin da aka sauke yake data.

Hajiya Ummi

'Yar'uwa, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai kada ki tsaya a kan kwamfutar kaɗai, domin wayoyin gidan ma halinsu ɗaya. Kusan kowace waya an saita ta ne ta jira Wi-Fi kafin ta yi manyan ayyuka: Play Store yana sabunta manhajoji, Google Photos yana ɗora hotuna da bidiyoyin biki, WhatsApp kuma yana sauke duk abin da aka turo a guruf ɗin dangi da na makaranta, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Ki ɗauki wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ki shiga Storage and data a WhatsApp, ki cire alamar bidiyo daga abubuwan da ke sauka da kansu. A wayoyin Android da yawa ana iya sanya Wi-Fi ɗin a matsayin na awo, a iPhone kuma akwai Low Data Mode.

Bidiyo shi ne babban gwani wajen cin data. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa guda yana iya cin gigabait 3 a hoto mai inganci sosai, alhali a mafi ƙarancin inganci kusan 0.3 ne. A YouTube ma, karatun da malami yake magana yana rubutu a allo ana fahimtar sa sarai a ƙaramin ingancin hoto na 480p, babu buƙatar babban inganci na 1080p, kuma babban allon kwamfuta yakan sa manhajar ta zaɓi inganci mafi girma idan ba a hana ta ba. Wataƙila yaron bai kalli fim ba, amma darussan bidiyo da azuzuwan Zoom duk kallo ne.

Sannan ki canza lambar sirrin Wi-Fi ɗin. A yanzu waya guda da ta taɓa shiga tana iya nuna wa wata wayar lambar QR da za ta shigar da ita Wi-Fi ɗin, sai ka ga yaran maƙwabta suna zaune a dakalin ƙofar gida da magariba kowa ya sunkuyar da kai a kan waya.

Ɗan Zariya

Ina da ɗan gyara, domin na ga masu ba da shawarar a kashe sabuntawa gaba ɗaya. Wannan kuskure ne mai tsada, musamman ga kwamfutar da ake shiga banki ko shafin makaranta da ita, saboda sabuntawar ita ce take toshe kafofin da ɓarayin intanet suke bi. Abin da ya dace shi ne a zaɓa mata lokaci. Windows tana ba da damar dakatar da sabuntawa har makonni 5, don haka a bari sai an samu datar dare mai rahusa, ko sai yaron ya je inda ake da Wi-Fi na makaranta, a sabunta a can, a dawo gida a bar maɓallin awon a kunne.

Maman Hanif

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: ta yaya zan gamsar da maigida idan har yanzu yana zargin kamfanin?

Mai Gyaran Kwamfuta

Amin, Hajiya. Na'urar MiFi tana da shafinta na kanta, kuma adireshinsa, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, yana rubuce a jikinta ko a ƙarƙashin batirinta tare da kalmar shiga. A shafin za ku ga sunayen duk na'urorin da ke haɗe da ita a lokacin, da jimillar datar da ta wuce ta cikinta. Ku rubuta wannan jimilla da ragowar datar da kamfanin ya nuna a safiyar rana ɗaya, ko ta manhajarsa ko ta *323# idan an sa layin a waya, sannan ku sake dubawa bayan mako guda. Idan abin da ya ragu a wajen kamfani ya yi kusa da abin da ya ƙaru a lissafin na'urar, a cikin gida aka cinye datar. Idan kuwa tazarar tana da yawa, ku ɗauki hoton shafukan biyu ku kai ƙorafi ga kamfanin, in bai warware ba ku kira layin masu amfani na NCC a 622.