Shin "bayan wuya sai daɗi" ta dace da mai jinyar ciwon daji?

'Yar Jekadafari: Assalamu alaikum. Wata 14 na yi ina jinyar mahaifiyata da ta kamu da sankarar mama, muna kai da komo tsakanin gida da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, har Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku gwaggona ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri, bayan wuya sai daɗi." Maganar ta soke ni, domin ni nake tallafe kan Inna tana amai duk lokacin da aka yi mata ƙarin ruwan kemo, wato maganin sankara, ni kuma nake tsince gashinta daga kan matashi in ɓoye don kada ta gani. Wane daɗi ne ake nufi?

Malamin Hausa, Kumo: Allah ya jiƙan Inna, 'yar'uwa. Wannan karin magana ta wuyar da ke da amfanin gona a ƙarshenta ce, kamar ta manomi kafin kaka, ko ta mai naƙuda kafin a miƙo mata jariri. Gwaggo alheri ta nufa, amma ba a gidan makoki ake faɗinta ba, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aikaciyar jinya, Pantami: Malam, na yarda lokacin bai dace ba, amma ban yarda a kori maganar gaba ɗaya ba. A 1996 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, suka fitar da ma'aunin sauyin alheri da wasu ke samu bayan babban tashin hankali, kuma fannoni biyar suka ware: sanin darajar rayuwa, ƙaruwar kusanci da mutane, gane ƙarfin da mutum bai san yana da shi ba, buɗewar sababbin hanyoyi, da zurfin imani. Na sha ganin haka a wurin waɗanda suka kwana watanni a kan tabarma a gefen gado. Sai dai ba kowa ke samunsa ba, kuma ba ya kore baƙin ciki. Tare suke zama.

Dattijo, Bajoga: 'Yata, to kada a kira shi daɗi. Na sayar da shanu biyu da gona a jinyar uwargidana, har yau ban mayar ba. Abin da na samu shi ne na iya dama mata kunu da hannuna, na daina jin kunyar wanke mata kaya a gaban ƙannena, na kuma shirya da ɗan'uwan da muka shekara shida ba ma ga-maciji. Sai bayan shekara biyu na faɗi karin maganar nan da bakina, kuma da wani ne ya riga ni faɗi, da ban karɓa ba.

'Yar Jekadafari: Na gode, Baba. Ni ban kai wurin ba tukuna, har yanzu warin asibiti na tayar mini da hankali. Amma maƙwabciyata ta ce ta ji ƙullutu a nononta wata uku ke nan tana ɓoyewa, ta kuma zaɓi ta gaya mini saboda abin da ta ga na yi wa Inna. Ranar Alhamis zan raka ta a duba.