Shawarwari kan bijirewar jiki ga insulin bayan shekara 40

A wata tattaunawa kan bijirewar jiki ga insulin, wato sinadarin da jiki ke samarwa don daidaita sukarin jini, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne cewa matsalar takan daɗe a ɓoye. Tsoka da hanta da kitse sukan daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sai jiki ya riƙa ƙara samar da shi don tura sukari cikin ƙwayoyin halitta, har ya gaza. Daga nan ciwon sukari nau'i na 2 ke shigowa, sau da yawa tare da hawan jini, kitse a hanta da ciwon zuciya.

An ja hankali kan tumbi, wanda wasu magidanta ke ɗauka alamar wadata, alhali kitsen ciki ne mafi haɗari. Haka nan duhun da ke bayyana a bayan wuya ko hammata, mai laushi kamar karan-miski, wanda sabulu ba ya fitarwa, ya isa dalilin zuwa asibiti. Gwajin sukarin jini kafin karin kumallo da ya nuna 100 zuwa 125 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini) gargaɗi ne. 126 ko fiye, idan aka maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce tafiyar ƙafa da sauri na minti 150 a mako, da rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin jiki. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna hakan ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100. A rage lemon kwalba, shayi mai sukari da malmalar tuwon shinkafa, a ƙara wake da zogale, kuma kada mai shan magani ya ajiye shi don jiƙo ba tare da sanin likita ba.