Zan je cocin ƙauyen kakana neman asalinmu, don Allah ku ba ni shawara

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Wata huɗu ke nan da rasuwar Babanmu. Ranar da ni da Yayana muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, can ƙarƙashin riguna muka tarar da wani kati a naɗe cikin leda, gara ta ci gefe guda. Katin baftismar kakanmu ne. An rubuta Petrus da tawadar da ta koɗe, sai sunan ƙauye da hatimin coci. Shekarar kuwa 193 kawai ta rage, lambar ƙarshe ta tafi. Mu dai da wani suna muka san kakanmu, kuma Musulmi ya rasu. Na kai wa Gwaggo katin, ta juya shi sau biyu ta miƙo mini, ta ce a bar kaza cikin gashinta. Tun ranar ba ta ɗaga wayata. Yaya ya ce in ƙyale, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Na karɓi hutu, ranar Lahadi zan je cocin. Me zan ce musu in na isa?

Tsohon Hedimasta: Allah ya jiƙan Baba. 'Yata, kada ki je ranar Lahadi, ranar ibadarsu ce, ba mai buɗe miki littafi. Ba ki ma faɗi wace coci ba ce, amma Petrus Latin ne, wato Bitrus, don haka da alama Katolika ce. Su ba sa wasa da rajista. Tun 1563 Majalisar Trent, wato babban taron shugabannin cocinsu, ta wajabta musu rubuta baftisma da aure. Sai dai ƙaramar cocin ƙauye sau da yawa ba ta da fada mazauni, wato limamin coci, littafin yana babbar cocin da ke kula da ita, tsofaffin kuma wani lokaci an kwashe su zuwa ofishin bishop. Ki rubuta wa fadan takarda tukuna, ki haɗa da hoton katin.

Ɗan Auta: Baba Hedimasta, takarda fa? Ni sau uku na rubuta, ko amsa ban samu ba. Da na je da ƙafata aka ce littafin shekarun da nake nema ruwa ya lalata shi tun da rufi ya yi yoyo. Kuɗin mota kawai na yi asara. Anti, tsofaffin ƙauyen za ki nema.

Maman Ummi: Tsofaffin nan su ne matsalar ai. Mijina ya je neman dangin mahaifinsa, kafin la'asar an yaɗa cewa gona ya zo karɓa. Yau shekara shida ba sa gaisawa, har bikin 'yarmu ba wanda ya zo. 'Yar uwa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki ji maganar Gwaggonki.

Uwar Biyu: Ni ba gona nake nema ba, sunan mahaifiyar kakana kawai nake so in sani. Kuma Lahadi na zaɓa da gangan, don ranar ce tsofaffi ke taruwa. Zan tsaya a waje har su tashi.

Tsohon Hedimasta: Sunan uwar yana cikin rajista, ba a bakin tsoho ba. Shafin baftisma yana ɗauke da ranar haihuwa, sunan uba da uwa, da waɗanda suka tsaya wa yaron. Tun 1908 ma, in mutum ya yi aure a coci ana komawa a rubuta a gefen sunansa. Ki nemi a duba miki 1930 zuwa 1939, shekara goma ce kacal. Kada ki kafe kan rubutun sunan iyali, yadda kunnen fada ya ji haka ya rubuta. Ki leƙa FamilySearch, shafin binciken asalin iyali, a intanet kuma, kyauta ne, ko an ɗauki hoton littafin.

Ɗan Auta: Na leƙa, namu ba ya ciki.

Hajiya Babba: Ni abin da ya dame ni, ba wanda ya tambayi dalilin shirun Gwaggo. Wataƙila an yi rabuwa mai ciwo lokacin da ya musulunta, ita kuma ta gani da idonta. Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri kafin ki taka ƙauyen nan, 'yata.

Uwar Biyu: Hajiya, sau huɗu na je gidanta. Shekararta tamanin da wani abu, waɗanda suka san kakana a ƙauyen ma ba za su gaza haka ba. In na tsaya jiran amsar takarda ko saukowar Gwaggo, wa zan tarar? Hutun kwana uku ne kawai aka ba ni.

Tsohon Hedimasta: To ki mayar da shi Talata, ki fara da katikis, mai koyar da addini a cocin, shi ya san inda littafin yake. Kuma kada ki bar ainihin katin a hannun kowa.

Uwar Biyu: Ba a canza mini hutu, Baba. Tambayata ma har yanzu ba a amsa ba: in na isa ƙofar cocin, da sunan Bitrus zan fara, ko da sunan da muka san shi da shi?